Ruwan da Ya Ci Hannun Garba

Mu biyu muka bar Gummi a ƙarshen shekarun saba'in, ni da wana Garba, amma ni kaɗai na dawo. Duk wanda ya san gidanmu ya san wannan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda aka yi.

Mu maƙera ne, maƙeran baƙi, masu fartanya da lauje da gatari. Gado ne, ba haye ba. A gidanmu kuwa an tashe mu a kan magana ɗaya, cewa wuta ba ta cin ɗan maƙeri, kuma ba da wasa ake faɗar ta ba. Na ga Garba da idona a Anka ranar wani wasan maƙera, ana kiɗin dundufa, ya zaro jan ƙarfe daga wuta ya shafa a tafin hannu, ya kai shi harshe, mata na guɗa. Ni kam ban taɓa gwadawa ba. Abin da aka ba shi ya sha ni ma an ba ni, sai dai ni mutum ne mai yawan tambaya da saurin fushi, shi ya sa Baba ya bar ni a bakin zugazugi. Garba ne mai masaba, kuma hannunsa na dama ake yabo tun daga Gummi har Bukkuyum, garin su Inna. Da shekarun fari suka kashe mana kasuwa, wani fatken goro ya ce a Abijan ana ta gine-gine, mai aikin ƙarfe ba ya zama banza. Shi ke nan muka ɗaure kayan aiki a buhu.

A Gaya, bayan mun ƙetare iyaka, na fara shan mamaki. Wanda ya tsare mu Hausa yake yi irin tamu, har da "mi kunka ɗauko", amma da ya buɗe buhu ya ga wuƙaƙen da muka ƙero don sayarwa a hanya, sai Hausar ta ɓace masa. Ya koma Faransanci, ya kwashe su kaf ya zuba a aljihun tebur. Na buɗe baki zan yi magana, Garba ya take mini ƙafa.

A Yamai wani mai farar hula da zaƙin baki ya rantse mana motar albasar da ya nuna mana har Abijan za ta. Ya karɓi abin da zai karɓa, ya ɗora mu a kan buhuna, har da yi mana addu'a. Kafin a kai Fada Ngurma motar ta kauce daga titi, direba ya ce iyakarsa ke nan. Da muka ambaci Abijan sai da ya riƙe ciki don dariya. Muka kama hanya a ƙasa, jikinmu na warin albasa, ina tafe ina tsine wa mai farar hula har kakansa. Da rana ta yi tsaka muka iske wata Bafillata a gindin bishiya da ƙwaryar nono. Ba ta jin Hausa, amma na gaishe ta da ɗan Fillancin da na tsinta wajen makiyayan da ke kawo mana gyaran gatari. Ta dube ni, ta dubi leɓunanmu da suka bushe, ta dama mana ludayi bayan ludayi, ta ƙi karɓar komai. Har yau ban sha nono mai daɗin wannan ba.

A Wagadugu na ga mata a kan ƙananan babura, da goyo a baya, suna tsere da maza. Na tsaya baki buɗe har wata ta kusa bi ta kaina. Daga can muka shiga jirgin ƙasa tare da Mosawa 'yan ci-rani, an cushe mu ko wurin miƙe ƙafa babu. Muna gangarawa kudu itatuwa na ƙara tsawo suna haɗewa, har sararin sama ya zama sai an leƙa. Ni da na saba in tsaya bayan gari in hango mai jaki tun yana ɗan ɗigo, sai ga ni ba na hango komai sai itace. Garba kuwa barcinsa yake yi, buhun kayan aiki a matsayin matashi.

Abijan ba ta ba ni tsoro da benayenta ba kamar yadda ta ba ni da iskarta. Mun sauka a unguwar Ajame, a gidan wani mutumin Dogonduci mai suna Malam Isufu, wanda ke saukar da baƙin Hausawa yana nema musu aiki. Ba mu daɗe ba Garba ya kwance buhu, sai ga masaba da awartaki sun yi ja wur da tsatsa. Kayan da suka yi shekara da shekaru a maƙerar Baba ba su taɓa canza kama ba! Malam Isufu ya ce iskar teku ce, gishiri gare ta, a garin nan ƙarfe ba ya kwana tsirara. Ya ce ma sana'ar da zai kai mu ke nan, wurin da ake sa wa ƙarfe riga.

Wurin wata doguwar rumfar kwano ce a bayan kantin wani ɗan Labanan da ba mu cika ganinsa ba. Mai kula da aikin wani Bamoshe ne, Salfo, gajere mai kauri, wanda bai iya Hausa ba ko ta gaisuwa. Kayan ƙofa ake kawowa, da makullai, da ƙusoshi, da kayan ado na tagulla, wani lokaci da bakin bindigar mafarauta. Ba a ƙera komai a wurin, rini kawai ake yi, kuma ni ban taɓa jin ana rina ƙarfe ba. A gida idan muna son wuƙa ta yi baƙi, sai mu gasa ta mu goga mata ƙaho ko tsumma mai mai, hayaƙi ya tashi, shi ke nan. A nan na ga an tsoma tagulla mai ƙyalli a wani ruwan farar wuta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kafin in toshe hanci ta koma ruwan ƙasa, aka ƙara tsomawa ta yi baƙi. Na ga an shafa wa wata gishiri an rufe ta a akwati da wani ruwa mai sa hawaye, aka fito da ita kore shar. Irin koren da in Inna ta gani a tasa sai ta dirje shi da toka da tsamiya tana faɗa, shi ne a nan ake biyan mutum ya sa. Na ce wa Garba mutanen nan ba su da lafiya.

Aiki ɗaya ne bai zame mana baƙo ba. Akwai farantin yashi a kan wuta, ana shimfiɗa gogaggen ƙarfe a kai har zafi ya fito masa da launi. Yakan fara da ruwan kara, ya koma ruwan goro, ya yi makuba, sannan shuɗi, in aka yi sakaci kuma ya wuce ya zama toka-toka, sai an sake gogewa. Da irin wannan kallon Baba ke gane lokacin ba wa lauje ruwa, don haka Garba ya kama aikin tun ranar farko. Salfo ya duba, ya gyaɗa kai, ya wuce.

Sai babban tanki a ƙarshen rumfa. Baƙin ruwa ne mai kauri yana tafasa a hankali, wuta na ci a ƙarƙashinsa. Soda ce a ciki, irin wadda ake sabulu da ita, da wani farin gishiri. Ana wanke ƙarfe tas, a jera a kwandon waya, a saukar a ciki, in ya jima a ciro a ɗauraye a shafe da mai. Baƙin da yake fitowa da shi ban taɓa ganin irinsa ba, sumul, ba ya gogewa a hannu. A bakin tankin nan Salfo ya tsayar da mu, ya yi ta magana yana ɗaga yatsa, fuskarsa ba wasa. Ya juya ga Malam Isufu ya ce ya fassara.

Malam Isufu ya ce, "Ya ce ku yi hankali da wanga ruwa. Kak ku gane shi ruwa, wuta ta. Wuta ta sosai, ta hi ta gawayi."

Garba ya ce, "Wuta yac ce?"

"Wuta."

Na ga Garba ya yi murmushi. Na san murmushin, shi yake yi in makaɗa sun fara. Salfo ya miƙo mana safar hannu ta roba mai kaiwa har gwiwar hannu. Ni na karɓa na sa, don ba na jayayya da abin da ban sani ba. Garba ya juya tasa, ya shinshina, ya rataye a ƙusa. Da muka fita ya ce mini, "Umaru, da Baba ya gane ka da wagga roba, da ya ce an musanya mai ɗa wurin wanka." Na ce ya bar ni da robata.

Haka muka zauna har damina ta wuce, wata ta shigo, don a can ruwa ba ya sallama. Abincinsu garin rogo ne mai tsami da soyayyen kifi, wata mata da kowa ke kira Tanti ke sayarwa a ƙofar rumfa. Nakan ci ina tuna tuwon dawa da miyar kuka. Ranar Juma'a in mun taso masallaci mukan zauna shagon Malam Isufu a kamo Kaduna a rediyo, muryar na zuwa tana ɓacewa, kowa ya yi tsit. Garba ba ya cewa yana kewa. Sai dai in ya ga gatarin kanti ya ɗauka ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce wannan ko kuka ba zai sara ba.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. An ɗago kwandon makullai daga tanki, sai ɗaya ya zame ya maƙale a gefen ciki, ƙasa kaɗan da saman ruwan, ana hango kansa. Akwai ƙugiyar da ake ciro irin wannan, wani ya tafi ɗauko ta. Ma'aikata sun daɗe suna tsokanar Garba a kan safar da ya ƙi sawa, ranar ma wani ya nuna ta a ƙusa ya faɗi abin da ya sa aka yi dariya. Ina riƙe da kwando da hannu biyu. Na ga leɓen Garba na motsi, na gane abin da yake karantawa, na ce, "Yaya!" Kafin in ajiye kwandon ya riga ya cusa hannu ya fizgo, da irin saurin da yake taɓa jan ƙarfe.

Ya ɗaga makullin sama. Wallahi ya ɗaga shi, har ya fara juyowa ya nuna musu. Amma jan ƙarfe in ka sake shi ya sake ka, ruwan nan kuwa ya biyo hannun, ya lulluɓe shi har wuyan hannu. Makullin ya faɗi. Sai na ji wata ƙara da ban taɓa zaton tana cikin ƙirjin Garba ba. Inna yake kira. Ƙato da gemunsa, yana kiran Inna a tsakiyar Mosawa.

Na rarumo gwangwanin man da ake shafe ƙarfe, don a gida mai ake sa wa ƙuna. Salfo ya doke gwangwanin daga hannuna, ya shaƙo Garba ta baya, ya ja shi ƙiii har bakin famfo, ya danne hannun a ƙarƙashin ruwa. Garba na fizgewa yana ihu, shi yana ƙara dannewa. Ni a ganina azaba yake ƙara masa. Ban san lokacin da na kai masa naushi a baki ba. Jini ya zubo masa har haɓa, bai ko dube ni ba, kuma bai saki hannun ba. Na kama hannun don in ƙwace, sai na ji yana santsi kamar an shafe shi da sabulu, fatar tana biyo yatsuna. Nan na sake shi, na zauna a cikin ruwan da ke malala. Tanti ta shigo a guje da lemun tsamin kifinta a zani, tana yankawa tana matsewa a bokiti, wai tsami na kashe kaifin soda, tana kuka, ita da ko sunanmu ba ta sani ba.

A asibiti likita ya ce, ta bakin Malam Isufu, ba don ruwan famfon nan ba da hannun duka za a yanke, don soda ba ta daina cin nama sai an wanke ta. Da na shafa man nan da na rufe ta a ciki. Duk da haka an cire yatsu biyu, sauran kuma da suka warke sai suka ƙanƙance suka lanƙwashe, ba sa buɗewa ba sa rufewa.

A ƙofar asibitin na tare Malam Isufu, na ci kwalarsa, dattijo da shi. Na ce, "Don mi kac ce mai wuta? Da ka ce guba, da ka ce dahi, da bai taɓa ba!"

Ya bar ni na gama, sannan ya cire hannuna a hankali. Ya ce, "Ɗana, na nemi kalmar da ta hi ban tsoro na ba ku. Ni ban san akwai mutanen da za a ce ma wuta su ji sanyi ba."

Washegari na sayi goro na kai wa Salfo, leɓensa a kumbure. Na durƙusa, na yi ta magana da Hausa, ya yi ta amsawa da Mosanci. Ya ɓare goro ɗaya ya ba ni rabi.

Da ciwon ya kama hanyar warkewa na ce wa Garba mu tafi gida. Muna zaune a tsakar gidan Malam Isufu da la'asar, ya sa hannun cikin aljihun riga, inda ya koma ajiye shi. Ya ce ba ya zuwa.

Na ce, "Yaya, ba wuta ta cinye ka ba, ruwa na. Kowa ya gani."

Ya ce, "Wa yag gani? Mosawa? Ƙuna ƙuna ta, Umaru. Ran kasuwar Gummi in na hiddo wanga hannu, wa za ya tsaya shi tambaye ni ruwa ko wuta? Cewa za a yi ɗan gidan wane ya ƙone. Makaɗa su ga Baba su kau da kai. Ni ba ni kai mai wagga kunya."

"To mi za ni ce musu?"

"Ka ce aiki ya riƙe ni."

Ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, don Salfo ya riga ya ce ya dawo kan farantin yashi, aikin ido ne, hagu ma ta isa riƙe awartaki. Amma na ce ni ba na duban idon Baba in yi masa rufa-rufa. Ya ce in na faɗa bai yafe ba. Na ce kada Allah ya sa ya yafe. Muka yi ta yi har Malam Isufu ya fito ya raba. Na yi zaton in ya ga da gaske tafiya zan yi zai biyo ni, shi ya sa na ɗaure kayana a gabansa. Ya raka ni tasha. Har jirgi ya motsa ina kallon ƙofa ina jiran ya hau. Ya tsaya a inda yake, ya ɗaga mini hannun hagu.

Na iso Gummi da safe na iske Baba a maƙera, wani maƙwabci na yi masa zuga. Bayan gaisuwa ya sallami maƙwabcin, ya dubi bayana, ya ce, "Ina ɗan'uwanka?" Na yi niyyar in ja maganar, amma sai ga ta ta fito duka, da tankin, da makullin, da famfon. Ihun kawai na tsallake.

Baba ya ajiye masaba. Ya ce, "Abin da yas sa hannu ciki, yana da harshe?"

"A'a, Baba."

"Yana da garwashi? Yana toka?"

"Ba shi yi. Ruwa na, baƙi, yana tahwasa."

Ya ce, "To ba wuta ta ba." Ya faɗa da ƙarfi, har na ga fuskarsa ta saki. Na tsaya ina kallonsa, wai wannan ne abin da ya fara tambaya. Ya ɗauki masaba kamar zai ci gaba da aiki, ya riƙe ta a sama, bai buga ba. Can ya ce, da wata murya ƙasa-ƙasa, "Wane hannu na?"

Na ce na dama. Ya tashi ya shiga gida, ranar ba a ƙara hura wuta ba.

Inna da ta ji ba ta tambayi komai ba. Ta ce, "Ku da wutarku. Ni ɗana ni ka so." Duk fatken da zai yi kudu sai Baba ya tare shi a tasha ya ba shi saƙon baki, a gaya wa Garba ruwa ne, ba abin kunya, ya zo gida. Amsa takan dawo da turmin atamfa na Inna da gaisuwa, da cewa aiki ya yi yawa, sai baɗi.

Baba kuwa bai iya barin maganar a cikinsa ba. Yana tsoron kada wani fatke ya kawo labarin a karkace, don haka ya riga kowa. Duk wanda ya shigo maƙera, ko bakin lauje ya kawo a gyara, sai ya zaunar da shi ya bayyana masa cewa abin da ya sami Garba ruwa ne, ba shi da harshe, ba shi da garwashi. Ya faɗa a kasuwar Gummi, ya faɗa a Bukkuyum wurin ta'aziyya, ya faɗa wa makaɗan Anka da ba su tambaye shi ba. Haka ya yi ta yi har ya rasu, Garba bai zo ba. Mafi yawan mutanen ƙasarmu daga bakin Baba suka fara jin cewa Garba ya ƙone.